Daga Gaisuwa Zuwa Fansho: Tarihin Rabon Masu Mulki a Ƙasashen Gusau, Tsafe da Bungudu

1.0 Gabatarwa

Idan aka ambaci cin hanci da rashawa, abin da ya fi saurin zuwa zukatan jama'a shi ne ma'aikacin da ya karɓi toshiyar baki a ɓoye, ko ma'ajin da ya yi sama da faɗi da kuɗin hukuma. Wannan kuwa laifi ne wanda doka ta san da shi, ta kuma tanadar masa hukunci. Manufar wannan takarda ita ce mu jawo hankalin mahalarta wannan taro ga wani nau'i dabam, watau rabon da masu mulki kan yanka wa kansu daga dukiyar jama'a da iznin al'ada ko na doka, ta yadda babu alƙalin da zai iya kiransa sata.

Mun zaɓi ƙasashen Gusau da Tsafe da Bungudu, waɗanda ke jere a kan hanyar da ta tashi daga Funtuwa ta nufi Sakkwato, domin a nan ana iya bin sawun al'amarin tun daga zamanin jihadi har zuwa shekarar 2019. Abin da muke son tabbatarwa abu biyu ne. Na farko, irin wannan rabo ya fi satar ɓoye daɗewa da wuyar kawarwa, domin yakan sake suna ne kawai idan zamani ya juya. Na biyu, ba a cika taɓa shi ba sai ranar da manya suka saɓa da junansu. Daga ƙarshe za mu waiwayi Ingila da Amurka, mu ga ko ƙasashen da ake kira masu ci gaba sun rabu da wannan ciwo.

2.0 Zamanin jihadi

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara tun kafin hijirarsa ta 1804. A cikin littafin Kitabul Farƙi an lasafta hanyoyin da sarakunan wancan zamani ke bi suna cin dukiyar talakawa, kamar jangali da kuɗin gari da kuɗin salla da kamuwa da gaisuwa. Abin lura a nan shi ne babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ake yi a ɓoye. Al'adu ne tabbatattu masu suna da lokaci da masu karɓa. Gaisuwa, alal misali, ita ce abin da mai neman ganin sarki, ko mai neman sarauta, ko mai ƙara, yakan gabatar kafin a saurare shi. Sukar da Shehu ya yi ta faɗa a kan tsarin kansa, domin a ganinsa daɗewar al'ada ba ta halatta haram.

Garuruwan da muke magana a kansu sun sami siffarsu ta yanzu a wannan zamani. Wajen 1806 rundunar Muhammadu Bello ta ci 'Yandoto, tsohon garin malamai da ke tsakanin Tsafe da Gusau. Bayan haka ne Gusau ta kafu sosai a hannun Malam Sambo Ɗan Ashafa, wanda zuriyarsa ke riƙe da sarautar Sarkin Katsinan Gusau. Sarkin Tsafe ana kiransa 'Yandoton Tsafe, na Bungudu kuwa Sarkin Fulani.

To, amma tun ba a yi nisa ba alamun komawa gidan jiya suka bayyana. A 1805, lokacin da jama'ar Shehu suka sauka Sabon Gari a ƙasar Zamfara ana cikin ƙarancin abinci, wasu mayaƙa sun riƙa ɗibar hatsin mazauna ƙasar, har Zamfarawa da yawa suka juya wa jama'ar baya. A 1807 Malam Abdullahi Ɗanfodiyo ya bar rundunar da niyyar tafiya Makka, saboda son duniya da ya gani ya shiga zukatan wasu shugabanni. Kanawa suka tsayar da shi, a can ya rubuta musu Diya'ul Hukkami a kan ƙa'idojin mulki. Kafin ƙarni na 19 ya ƙare, jangali da gaisuwa sun koma mazauninsu a mafi yawan ƙasashen daular.

3.0 Zamanin En'e

Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Ba su kashe haraji da jangali ba, sai dai suka shigar da su littafi. Aka yanka ƙasa gunduma-gunduma, Gusau da Tsafe da Bungudu kowace ta zama gunduma a ƙarƙashin En'en Sakkwato, aka kafa baitulmali, aka yanka wa Sarkin Musulmi da uwayen ƙasa da alƙalai albashi. Hujjar Turawa ita ce wanda ke da tabbataccen albashi ba shi da dalilin taɓa abin talaka. Amma abin da ya auku shi ne albashi ya zo, gaisuwa kuma ba ta tafi ba. Uban ƙasa yana da dogarai da barori da dawaki da baƙi, yana kuma da manya na sama da shi waɗanda dole ya gaishe su idan yana son rawaninsa ya daɗe a kansa. Shi yakan matsa dagaci, dagaci ya matsa mai unguwa, mai unguwa ya matsa maigida. Masanin nan M. G. Smith ya yi bayanin wannan sarƙa a cikin maƙalarsa ta 1964 a kan asalin rashawar siyasa a ƙasar Hausa.

Wani abin da ya ƙara wa manomi nauyi shi ne haraji ya koma na tsabar kuɗi, kuma da kaka ake karɓarsa, lokacin da amfanin gona ba shi da daraja. Sai ya sayar da hatsinsa da araha ya biya, da bazara kuma ya sayo shi da tsada, ko ya ci bashi a kan amfanin da bai nuna ba. Da hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta ratsa Gusau ta kai Ƙauran Namoda a 1929, sai Gusau ta zama babbar kasuwar auduga da gyaɗa, kamfanonin Turawa da 'yan Kwara suka buɗe kantuna, aka kafa injin gurzar auduga. Arziki ya shigo garin, amma wanda ya noma audugar shi ne na ƙarshe a wajen rabo.

4.0 Shari'ar jangali ta 1943

A 1938 Sarkin Musulmi Hassan ya rasu, aka naɗa Abubakar na Uku. Ahmadu Bello, wanda shi ma ya nemi gadon, aka ba shi sarautar Sardauna, aka tura shi Gusau ya kula da gundumomin gabas goma sha huɗu. A 1943 aka tuhume shi da cin kuɗin jangali, kotun Sarkin Musulmi ta yanke masa ɗaurin shekara ɗaya. Ya ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotu a Zariya, aka soke hukuncin, ya fita da mutuncinsa. Masu tarihi da dama suna ganin takarar sarautar 1938 ce ta haifi wannan tuhuma.

Kotu ta riga ta wanke Sardauna, don haka ba mu kawo zancen don mu sake shari'a ba. Abin da ya dame mu shi ne tambayar da ba a yi ba. An yi ta gardama a kan ko wani ɓangare na jangali ya ɓace a hanya, amma ba a tambayi abin da Bafillacen da ya biya yake samu daga kuɗinsa idan sun isa baitulmali lafiya ba. Kuma a daidai waɗannan shekaru na Yaƙin Duniya na Biyu ne ake ɗibar mutane aikin tilas zuwa haƙar kuza a Jos, ana karɓar hatsi a farashin hukuma don ciyar da su, ga kuma yunwar 1942 wadda a wasu sassan ƙasar Hausa ake kira 'Yar Gusau. Duk wannan bisa doka aka yi shi, saboda haka bai kai kowa gaban alƙali ba.

Waɗanda suka fara yin waccan tambaya a fili su ne 'yan bokon ƙarshen shekarun 1940. Malam Aminu Kano yana koyarwa a Kwalejin Horon Malamai ta Maru, maƙwabciyar Bungudu, kafin ya ajiye aiki a 1950 ya shiga siyasa gadan-gadan. A watan Agusta na wannan shekara aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda ta ce gwagwarmayar ƙasar nan tsakanin talakawa ne da masu sarauta. A cikin wannan watan ne kuma Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kawo batun gyaran mulkin En'e a Majalisar Wakilai ta Jihar Arewa, inda ya ambaci cin hanci a fili.

5.0 Daga auduga zuwa man fetur

Da mulki ya fara komawa hannun 'yan ƙasa, sai hanyar rabo ta sake kama. A 1949 aka kafa hukumomin sayen gyaɗa da auduga, a 1954 aka haɗe su ƙarƙashin hukuma guda ta Jihar Arewa. Hukumar ita ke yanka farashin da za a biya manomi, ta sayar a kasuwar duniya, ta riƙe rarar da ke tsakani. Ba mu musun cewa an yi ayyukan raya ƙasa da wani ɓangare na wannan rara. Sai dai haraji ne wanda manomin Tsafe ko Kwatarkwashi ke biya ba tare da an ba shi rasit ba, kuma lasin sayen kaya da rancen hukuma sun fi sauƙin samu ga mai uwa a gindin murhu. Hukumomin sun ci gaba da aiki da sunaye dabam-dabam har 1986 da aka rushe su.

Daga shekarun 1970 kuɗin man fetur suka maye gurbin gyaɗa da auduga. Wannan ya kawo wani babban canji wanda ba a cika kula da shi ba. A da, mai mulki yana bukatar talaka, ko don harajinsa. Yanzu kuwa kuɗi daga sama suke saukowa kowane wata, sai ya zama gwamnati tana iya rayuwa ko manomi ya noma ko bai noma ba. A 1975 Janar Murtala Muhammed ya sa aka binciki gwamnonin jihohi goma sha biyu na zamanin Gowon, aka sami goma da laifi, cikinsu har da Usman Faruk na Jihar Arewa Maso Yamma, wadda Gusau ke cikinta. Aka ƙwace kadarori, aka sallami ma'aikata fiye da 10,000. Daga baya, a zamanin Babangida, aka mayar wa wasunsu abin da aka ƙwace. An hori mutane, amma ba a taɓa tsarin kwangila da rabon filaye da ya haife su ba.

A 1975 ne kuma aka fara shirin raya aikin gona na Gusau da rancen Bankin Duniya, tare da takwarorinsa na Funtuwa da Gombe. Masu nazarin waɗannan shirye-shirye sun nuna cewa taki mai rangwame da malaman gona sun fi karkata ga manyan manoma. A Bakolori kuwa, kusa da Talatar Mafara, an kammala madatsar ruwa a 1978, manoman da aka karɓe wa gonaki suka tsaya neman diyya, a watan Afrilu na 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan, mutanen ƙasar da masu bincike suka ce ɗaruruwa ne suka mutu.

6.0 Jihar Zamfara da dokar fansho

An ƙirƙiro Jihar Zamfara ran 1 ga Oktoba 1996, Gusau ta zama babban birni. Ran 27 ga Oktoba 1999 Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau, ta fara aiki a watan Janairu na 2000. Talakawa sun yi maraba da ita ƙwarai, domin sun sa ran za ta daidaita babba da yaro a gaban alƙali. A watan Maris na 2000 aka yanke hannun wani mutumin Jangebe bisa satar saniya. Wannan sata ce bayyananna, an kuma san hukuncinta. Amma rabon da majalisa ta rubuta ta mai da shi doka, ba mai kai shi kotu da sunan sata, kuma misalinsa bai daɗe ba ya bayyana.

A 2006 aka yi dokar fansho ta tsofaffin gwamnoni a jihar. A watan Maris na 2019, saura wata biyu wa'adin Gwamna Abdul'aziz Yari ya cika, aka yi mata gyara. Dokar ta shafi tsofaffin gwamnoni da mataimakansu da shugabannin majalisa da mataimakansu. A watan Oktoba na 2019 tsohon gwamnan ya rubuta wa gwamnati takarda yana neman a biya shi kuɗin ɗawainiya na naira miliyan 10 kowane wata kamar yadda doka ta tanada. Takardar ta fita a jaridu, ƙasa ta ɗauka. A ƙarshen Nuwamba majalisar jiha ta soke dokar, Gwamna Bello Matawalle ya sa hannu. An shaida wa majalisa cewa dokar za ta riƙa cin kimanin naira miliyan 700 kowace shekara.

Bari mu auna waɗannan kuɗi da ma'aunin shekarar. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2019 naira 30,000 ne. Ke nan kuɗin wata ɗaya na tsohon gwamna daidai yake da albashin ƙaramin ma'aikaci na wata 333, watau kusan shekara 28. Rahoton talauci na 2019 na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ya sa iyakar talauci a kan naira 137,430 a shekara ga mutum guda, ya kuma nuna kashi 40 cikin 100 na 'yan Nijeriya suna ƙasa da ita, a Zamfara kuwa kusan kashi 74. Naira miliyan 120 ta shekara guda ta kai abin rayuwar mutum 873 a kan wannan iyaka. Duk da haka wanda ya rubuta takardar bai karya doka ba, haƙƙinsa ya nema a rubuce.

Ya kamata kuma mu lura da yadda aka yi dokar ta faɗi. Ran 24 ga Mayu 2019 Kotun Ƙoli ta soke ƙuri'un jam'iyyar APC a Zamfara saboda rashin ingantaccen zaɓen fid da gwani, gwamnati da majalisa suka koma hannun PDP. Majalisar da ta soke dokar ta abokan hamayyar wanda ya gyara ta ce. Kamar a 1943, saɓanin manya ne ya buɗe littafin da talaka ba shi da ikon buɗewa.

A halin da ake wannan lissafi a Gusau, karkara tana ci da wuta. Rahotanni da dama sun danganta asalin rikicin manoma da makiyaya da yadda aka riƙa yanka dazuzzuka da burtali da makiyaya ana raba wa masu hali, da kuma zaluncin da makiyayi kan gamu da shi a hannun wasu alƙalai da 'yan sanda. A 2021 aka sace Sarkin Fulanin Bungudu a hanyar Kaduna zuwa Abuja, ya yi kimanin wata guda a hannun 'yan bindiga. A watan Yuli na 2022 Sarkin 'Yandoton Daji ya naɗa wani sanannen jagoran 'yan bindiga Sarkin Fulani da sunan neman sulhu, gwamnati ta dakatar da shi. A ƙauyuka da yawa na ƙasar Tsafe an sha ruwaito cewa 'yan bindiga sun aza wa mutane kuɗi kafin su yi noma ko girbi, mutanen kuma haraji suke kiransu.

7.0 Ingila da Amurka

Kada mu ɗauka wannan ciwo namu ne mu kaɗai. A Ingila ta ƙarni na 18 akwai muƙamai masu albashi waɗanda ba su da aiki, ana raba wa 'ya'yan manya. Mazaɓar Old Sarum, wadda masu ƙuri'arta ba su fi a ƙirga da yatsu ba, tana tura wakilai biyu majalisa, alhali birnin Manchesta ba shi da ko ɗaya. Har muƙamin hafsan soja saye ake yi. Dukkan wannan halal ne a dokarsu. An gyara mazaɓu a 1832, rahoton 1854 ya kawo shawarar ɗaukar ma'aikata ta hanyar jarrabawa, aka hana sayen muƙamin soja a 1871. Amurka ta yi tata dokar jarrabawar ma'aikata a 1883. Abin da ya kawo waɗannan gyare-gyare shi ne yaɗuwar ƙuri'a da jaridu da buga lissafin kuɗin hukuma, kuma sun ɗauki shekaru masu yawa.

Duk da haka rabon bai mutu ba. A 2009 wata jarida ta tona yadda 'yan majalisar Ingila ke karɓar kuɗin ɗawainiyar gidaje. Kaɗan daga cikinsu aka ɗaure, mafi yawa suka kare kansu da cewa ƙa'ida ta yarda, ƙa'idar kuwa su suka rubuta ta. A 2010 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa ba za a iyakance kuɗin da kamfanoni da ƙungiyoyi ke kashewa da kansu wajen tallan zaɓe ba. A 2016 takardun Panama suka nuna yadda attajirai da shugabanni ke ajiye dukiya inda haraji ba ya kai mata, sau da yawa ba tare da saɓa doka ba. A bankunan Suwizalan da tsibirin Jersey ne kuma aka sami wani ɓangare na kuɗin da aka kwashe a zamanin Abacha. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

8.0 Kammalawa

Mun ga yadda rabon masu mulki ya fito da sunan gaisuwa da jangali, ya koma albashi da haraji, ya koma rarar auduga da kwangila, ya ƙare a fansho. A kowane mataki an hori ɗaiɗaikun mutane, a 1943 har da wanda kotu ta wanke, amma tsarin ya tsira. Soke dokar 2019 abin yabo ne, jihohin Imo da Kwara ma sun soke nasu daga baya, sai dai gyaran da ya dogara ga faɗan manya yana iya warwarewa ranar da suka shirya.

Saboda haka muna ba da shawara uku. Ta farko, duk abin da mai riƙe da muƙami zai karɓa, yana kan aiki ko bayan ya sauka, a buga shi da Hausa, da boko da ajami, a karanta a rediyo. Ta biyu, kada wanda zai ci moriyar doka ya zama shi ne mai yin ta, domin ba a ba kura ajiyar nama. Amurka ta ɗauki wani ɓangare na wannan ƙa'ida a gyaran tsarin mulkinta na 27, wanda ya tabbata a 1992, inda canjin albashin 'yan majalisa ba ya aiki sai bayan sabon zaɓe. Ta uku ta shafe mu, mu malaman jami'a. Littattafan haraji da jangali na gundumomin Gusau da Tsafe da Bungudu, da rahotannin Razdan da Di'o, suna ajiye a gidajen adana takardun tarihi na Kaduna da Sakkwato, dattawan da suka biya harajin kuma suna ƙarewa. Ya kamata mu tura ɗalibanmu su haɗa abin da ke rubuce da abin da ke bakin waɗannan dattawa, don a san nawa aka karɓa daga kowace gunduma, nawa kuma ya komo mata.